Koren Sabulu Mai Shanya

"Ni dai na faɗa miki, kada ki je," in ji Tawada, yana goge yatsunsa da tsumma. "Mutum biyar za a tara, kowa ya kwashe sati biyu yana aiki, a ɗauki ɗaya, huɗu su koma gida da 'mun gode' a aljihu."

"In ban je ba fa?" Anti Launi ta tambaye shi.

"Sai ki zauna a ɗakinki da mutuncinki."

"Mutuncin zan kawo maka ka ɗora a inji ka buga? Kai dama ba ka da lissafi tun kana ƙarami. Yayanka ya faɗa mini tun kafin a kawo ni gidanku."

"Shi da ya auro ki ai shi ne mai lissafin."

A bakin kantina suke wannan ja-in-jar, kamar yadda suka saba kowace hantsi. Tawada ƙanin mijinta ne. Shi ke da maɗaba'ar da ke kallon kantina, injin bugu ɗaya babba, na yanka takarda ɗaya, ma'aikata tara. Sunan ya bi shi ne saboda ƙarƙashin farcensa bai taɓa yin fari ba. Ita kuwa ɗakinta yana saman maɗaba'ar, matakala goma sha huɗu, taga ɗaya, tebur, kwamfuta, da fanka mai kuka. Aikinta zane. Takardar da ake liƙa wa kwalbar man shafawa, kwalin ganyen shayi, tambarin makaranta, duk irin abin da mutum ke gani kullum bai taɓa tunanin wani ne ya zauna ya tsara shi ba.

Amma ginshiƙin ɗakin aiki ɗaya ne. Shekara goma sha bakwai ita ke yi wa kamfanin sabulun da ke bayan gari zanen takardar naɗinsa, da kwalayensa, da kalandarsa, da allunan tallarsa. Sauran ayyukan zuwa suke su tafi, wani wata a samu, wani wata a rasa. Na sabulu ne ke riƙe ƙofar a buɗe. Ita da bakinta ta sha faɗa mini cewa ranar da ya tafi, ɗakin ya tafi.

Wanda ya kafa kamfanin, kowa Tsoho yake ce masa, ciwo ya kwantar da shi a farkon shekarar. Ɗansa ya hau kujerar, shi ake kira Manaja. Wata uku da hawansa ya aiko da wasiƙa: za a sabunta takardar sabulu, an gayyaci masu zane biyar, kowa ya kawo samfurinsa, wanda aka zaɓa shi zai riƙe aikin kamfanin gaba ɗaya. Ba a biyan samfuri. Sunanta ne na huɗu a jerin.

Mahaifin Anti Launi mai rubuta allunan shaguna ne, da buroshi da gwangwanin fenti. Ba shi da ɗa namiji a lokacin, sai ya riƙa tafiya da ita tana riƙe masa zaren da yake ja layi da shi. In ya gama harafi ba ya tsayawa a gabansa. Sai ya sauko daga tsani, ya tsallaka titi, ya runtse ido. Ya kan ce mata wanda zai karanta allon ba a kan tsani yake ba, yana kan keke, hankalinsa na wani wuri. Da injunan buga manyan leda suka shigo, cikin shekara uku buroshinsa ya bushe. Ta ga yadda ya koma zama a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabta lambar gida ba wanda ya sa shi. Shi ya sa, tana da goyo, ta shiga wani wurin koyon kwamfuta, ita kaɗai ce matar aure a ajin. Mijinta ma'aikacin hukumar ruwa ne, mutum marar yawan magana. Abin da ya ce kawai shi ne, in dai za ta iya, ta je.

Takardar sabulun da ta yi wa Tsoho ba wani abin mamaki ba ne a ido. Kore ne shar, da igiyar shanya ta ratsa shi, an shanya fararen riguna uku: babba, matsakaiciya, da wata 'yar mitsitsiya ta jariri. Rigar autarta ce ta ɗauko daga igiya ta ajiye a tebur ta kwaikwaya, har da maɓallin da ya ɓalle. Auta yanzu ta fi ta tsawo. Sabulun yana da sunansa da aka rubuta da manyan baƙaƙe, amma ban taɓa jin mai saye ya ambace shi ba. "Ba ni mai shanya," haka suke cewa, masu karatu da marasa karatu.

Ni abin da ya haɗa ni da aikinta kantata ce. Duk zanen da ta yi, sai ta buga guda, ta naɗe shi a jikin kayan na gaske, ta sauko ta ce in matsa mata. Ta cusa shi a tsakanin kayan wasu kamfanonin, ta ja da baya taku bakwai har ta kai bakin kwata, ta runtse ido. In idonta bai faɗa kansa da farko ba, ta ɗauke ta koma sama. Wani lokaci ta jiƙa hannu ta murza takardar, don ta ce mai wanki ba da busasshen hannu take ɗaukar sabulu ba. Kuma duk ranar da za a buga, tana tsaye a gindin inji har sai koren ya fito yadda take so. Tawada ya ce ta fi rashin wuta ɓata masa lokaci.

A satin da wasiƙar ta zo, wani mutum ya iso layinmu da jakar takardu. Dogo ne, siriri, Dogo ma ake ce masa, shi ma mai zane, kuma shi ne sakataren ƙungiyar masu zane ta yankinmu. Sun san juna shekaru. Ya ce ƙungiya ta ƙasa tana so a ƙirga 'yan sana'ar, a san yawansu da yadda suke aiki, don a samu abin nuna wa hukuma. Ɗakin sama ya yi zafi, sai suka zauna a bencina ya fito da fom.

"Ma'aikata nawa gare ki?"

"Ni da fanka."

"Ɗaya ke nan." Ya rubuta. "Kada ki ji komai, Anti. Duk inda na shiga haka ne. A goma, da ƙyar in samu biyu da ke da abokin aiki. Manyan kamfanonin zane suna can babban birni, yatsun hannu sun ishe ka ƙirga su, su ke cin aikin bankuna da na kamfanonin waya. Tsakiya babu kowa. Sai mu a ƙasa, dubbai, kowa a ɗakinsa, kowa na tsoron na kusa da shi. A ƙarƙashinmu kuma ga masu inji, su ce wa mutum kawo bugu a yi maka zane kyauta."

"Ni ban taɓa yi ba," in ji Tawada daga ƙofarsa.

"Saboda ina saman kanka ne," ta ce. "Ka gwada ka ga ko ruwan wanke buroshi ba zai sauko maka ta taga ba."

Dogo ya ci gaba. "Kina rubuta yarjejeniya da masu ba ki aiki?"

"Da Tsoho? In ya ce yi, an yi. Ban taɓa neman takarda a wurinsa ba, shi ma bai taɓa sa na bi shi kuɗina ba."

"A'a ke nan. Kina shiga gasar samfuri kyauta? Akwai 'ban taɓa ba', akwai 'wani lokaci', akwai 'sau da yawa'."

Ta leƙa fom ɗin. "Babu gidan 'sati mai zuwa'?"

Dogo ya ajiye biro. Ya ce matsayin ƙungiya a fili yake, ba ta yarda 'ya'yanta su yi aiki kyauta da sunan gasa ba, don hakan ne ke karya sana'ar. Ya faɗe shi a tsare kamar mai karanta sanarwa. Ta gyaɗa kai. Ya sa mata alama a 'ban taɓa ba', tunda har ranar gaskiya ne.

Kwana goma sha biyu ta yi a kan samfurin. Ba ta iya nuna aiki rabi ba, ko da kuwa na gwaji ne. Ta bar koren yadda yake, ta gyara zaman igiyar, ta sa iska ta ɗan ɗaga rigunan kamar ana kaɗa su, ta rage rubutun baya. Sau shida ta sauko kantina da shi. A na shida ta tsaya a bakin kwata ta daɗe, sannan ta ce, "To." Ban taɓa jin ta yabi aikinta fiye da haka ba.

Akwai doka ɗaya da kowane mai zane ya sani, ita ta koya mini. Zane a kwamfuta iri biyu ne. Akwai rufaffen fayil, shi kamar hoto yake, ka gani, ka buga, amma ba ka iya taɓa komai. Akwai buɗaɗɗe, wanda kowane abu ke zaman kansa a ciki, igiya daban, kowace riga daban, launi daban, rubutu daban, duk wanda ya iya kwamfuta zai iya ɗagawa ya sauya. Rufaffe ake ba mai aiki. Buɗaɗɗe yana zama wurin mai zane, don shi ne dalilin da zai sa a dawo masa. Shekara goma sha bakwai ko Tawada ba ta taɓa ba shi buɗaɗɗe ba.

Abin da ya faru a kamfanin ban gani ba, ita ta ba ni labari, a hankali, cikin kwanaki.

Ta ce da ta shiga ɗakin jira, ta tarar da mutum uku daga wani babban kamfanin zane, sun zo daga birni da riguna iri ɗaya da majigi a akwati. Ga wasu biyu irinta, kowa ya rungume jakarsa a ƙirji. A ƙarshen benci kuma ga Dogo. Da suka haɗa ido ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa, takalmin da ba shi da igiya.

"Sakatare," ta ce, "ƙirga mu ka zo yi?"

"Yara huɗu gare ni a gida, Anti," ya ce. Ta zauna kusa da shi.

Da aka kira ta, ta zube sabulai shida a tebur, kowanne a naɗe da sabuwar takardar. Manaja ya tashi ya gaishe ta, Mama yake ce mata, don ta san shi tun yana zuwa ofishin mahaifinsa da kayan makaranta. Ya juya sabulun a hannu ya ce ya yi kyau ƙwarai. Sai dai sauran masu hannun jari ba sa gari, a allo za su gani, ta bar musu a kwamfuta. Ta ba da filashi aka kwafi rufaffen. Aka buɗe shi a babban allon da ke jikin bango.

Koren da ya fito ba nata ba ne. Ya yi fari-fari, ya ja rawaya, kamar ganyen da ya kwana a rana. Allon ne ke da matsala, ta sani. Amma mutanen da za su yanke hukunci ba za su riƙe sabulun a hannu ba, wannan za su gani, su ce shi ne aikinta.

"Wannan ba korena ba ne," ta ce.

"Ai ba komai, Mama, mun gane."

"Da komai. Matsa mini."

Rufaffe ba ya gyaruwa. Ta ce hannunta ne ya yi aikin kafin kanta ya farga. Ta jawo buɗaɗɗen daga filashi ta sauke a kwamfutarsu, ta riƙe sabulu ɗaya a jikin allon da hannun hagu, tana ƙara shuɗi tana rage rawaya da na dama, har na allo da na hannu suka zama ɗaya. Kowa a ɗakin ya yaba. Manaja ya ce ai shi ya sa Baba bai taɓa yarda da kowa ba sai ita. Sakatariya ta leƙo ta ce na biyar yana jira. Aka taya ta kwashe sabulai, aka raka ta har ƙofa. Ta zare filashinta ta jefa a jaka, ranta fari.

Sai da bas ta yi nisa ta tuna abin da ta bari.

Ta ce ta miƙe za ta ce wa direba ya tsaya. To ta koma ta ce me? Ta ce wa ɗan Tsoho, a gaban ma'aikatansa, goge wannan ina kallo, ban yarda da kai ba? Ga shi ba a riga an zaɓa ba. Ta koma ta zauna. Har tasha tana riƙe da ƙarfen kujerar gabanta.

Da ta faɗa wa Tawada, na zaci zai yi mata tsiya har sati. Sai kawai ya ninke tsummansa huɗu, ya sa a aljihu, ya shiga ciki. Ta dube ni ta ce, "Ka gani? Yau ko zagi ban samu ba."

Sati biyar shiru. Ta riƙa saukowa tana tambayata ko ɗan saƙon kamfanin ya wuce. A na shida saƙo ya shigo wayarta, ta miƙo mini in karanta don tabaranta na sama. An gode wa duk waɗanda suka shiga. Bayan nazari, ba a zaɓi kowa ba. Kamfani ya ɗauki ma'aikacin kwamfuta, daga yanzu a cikin gida za a riƙa yin zane.

"Ƙara karantawa," ta ce. Na ƙara.

Bayan kwana tara aikin bugu ya iso wurin Tawada, don har yanzu shi ke buga wa kamfanin. Ya buɗe fayil ɗin, ya fito ya tsaya a gindin matakala ya kira ta. Ba "matar Yaya" ya ce ba kamar kullum. "Anti," ya ce, "ɗan sauko." Na rufe aljihun kanti na bi su.

Zanenta ne. Igiyar da ta gyara, rigunan da iska ke ɗagawa. An sauya baƙaƙen sunan da irin waɗanda mutanen birni suka nuna a majigi, ta gane su don ta hango ta ƙofa. A ƙasa an sa wata jimlar talla, daga baya Dogo ya ce tasa ce. Inda ƙaramar rigar take an sa jan tauraro an rubuta SABO a ciki. A gefen allon kuma ga jerin sunayen da ta raɗa wa kowane yanki, yadda take yi don kanta, ba wanda ya damu ya sauya: kore, igiya, rigar Maigida, tawa, rigar Auta. Ba a ma goge ta Auta ba. Kashe ta kawai aka yi. Tawada ya danna, rigar ta fito a bayan tauraron, hannunta ɗaya ya leƙo. Ya sake dannawa ta ɓace.

"Ki ce kada in buga," ya ce. "Wallahi in kika ce, ba zan buga ba."

Ta waiga. Ma'aikatansa duk sun tsaya da abin da suke yi, mai yanka takarda hannunsa na kan ƙarfe, mai haɗa tawada da cokalinsa a sama. Kowa a wurin ya san aikin sabulu shi ne rabin abin da injin ke ci. Shi ma Tawada ya sani, kuma ya san ta sani.

"In ba ka buga ba, mai injin bayan tasha zai buga," ta ce. "Kai ka rasa, ni ban samu ba. Buga abinka."

Ta je wurin Manaja. Bai ɓoye mata ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo mata ruwan sanyi. Ya ce shanyar ai ta kamfani ce tun zamanin Baba, kowa da ita ya san sabulun. Ya ce sun ɗan tsinci abin da ya yi kyau a wurin kowa ne suka haɗa, haka ake yi ko'ina yanzu. Ya tambaye ta, cikin ladabi, ko akwai wata takarda tsakaninta da Baba da bai gani ba, in akwai zai mutunta ta. Ta ce babu. Ya ce in wani ɗan gyara ya taso da ya fi ƙarfin ma'aikacinsu, ita za a fara nema.

Ta kira Dogo. Ya ce abin ya yi masa ciwo, shi ma an ci nasa. Ya ce in ba yarjejeniya, kuma da hannunta ta sauke fayil ɗin, lauya ma sai ya yi ta kallonta. Abin da ƙungiya za ta iya shi ne ta sa labarin a rahoto, ba suna. "Zan gyara miki fom ɗin," ya ce. "In mayar da shi 'wani lokaci'."

Daga nan ta tafi gidan Tsoho, da niyyar faɗa masa. Ta same shi a kujera a baranda, an lulluɓe masa ƙafa, rabin bakinsa ba ya motsi. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta. Da ya gane, ya ɗaga yatsa ɗaya, da ƙyar ya haɗa maganar da ya saba yi mata duk ranar bugu.

"Kore ya fito?"

"Ya fito, Baba," ta ce. Ta yi masa sannu ta taso.

A ranar ta faɗa wa mai ginin cewa ƙarshen wata za ta saki ɗakin. Mijinta ya ce za a matsar da kabad a falo, tebur zai shiga. Auta ta ce za ta riƙa kawo mata masu son katin gayyata daga makarantarsu. Anti Launi ta yi dariya ta ce to, ta gode, an samu babban kamfani.

Ranar da aka ɗora aikin a inji, tun safe ta ce ba za ta sauko ba. Tana sama tana ɗaure tsoffin samfura da igiya. Ina jin ƙarar injin daga kanti, ya tashi, ya tsaya, ya tashi, ya tsaya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai haɗa tawada ya fito da takarda ɗaya ya ɗaga ta a rana, yana juya kai. Tawada ya fito ya karɓa, shi ma ya ɗaga. Bai dubi sama ba. Amma daidai ƙarƙashin tagarta ya tsaya, kuma ya daɗe.

Na ji takunta a matakala.

Ta zare takardar daga hannunsa. Ta tsallako, ta ce in ba ta almakashi da sabulu ɗaya. Ta yanke, ta naɗe, ta ce in matsa. Ta cusa shi a kanta kusa da tsoffin, ta ja da baya taku bakwai, ta runtse ido.

"Lambobin launin da na sa don allonsu ma'aikacin nasu ya bari," ta ce. "Bai san na allo daban, na takarda daban ba. Shuɗi ya yi yawa. Ka rage shi, ka ƙara rawaya kaɗan, kaɗan fa, ba irin hannunka na mai zuba siminti ba."

"Ba aikinki ba ne yanzu, matar Yaya."

"Na sani."

"Ba wanda zai biya ki wannan tsayuwar."

"Na ce na sani. Kana so a ce daga layin nan wannan abin ya fito?"

Sau uku ana gyarawa tana tsallakowa. A na uku ta tsaya a bakin kwata, ta ce, "To." Tana nan tsaye wata dattijuwa ta zo, tsohuwar mai sayayya a wurina, wankau take yi wa gidaje. Ta ce in ba ta mai shanya guda biyu. Kafin in miƙa hannu ta ɗauka da kanta, ɗaya tsoho, ɗaya wanda Anti ta naɗe yanzu.

"Iya," Anti Launi ta ce, "dubi na hannun damanki. Ba ki ga wani abu ya sauya ba?"

Dattijuwar ta ɗaga shi, ta nisanta shi da ido, ta kusanto. "Me ya sauya? Ga korensa, ga shanya." Ta sinsina. "Ko an rage girmansa ne? Ku faɗa mini gaskiya."

"Ba a rage ba, Iya."

"To shi ke nan." Ta jefa su a bokiti ta wuce.

Anti Launi ta bi ta da kallo har ta sha kwana. A bayanmu injin ya kama gudu sosai, ba tsayawa, takardu na faɗowa ɗaya kan ɗaya. Na tambaye ta ko in kawo mata kujera. Ta ce a'a.

Wani mutum ya tsaya da babur a gindin matakalarta, da kwalba a hannu. Mai sayar da zuma ne, sau huɗu ke nan yana dawo da takardar kwalbarsa.

"Anti, ɗan gyara ne kaɗan," ya ce. "Matata ta ce a ƙara wa ƙudan girma. Kuma wai lambar wayar ta fito sosai."

"Ƙudan ya riga ya fi kwalbar girma," ta ce. "Hau, ina zuwa."

Ta miƙo mini almakashina, ta share hannunta a gefen mayafi, ta duba hagu da dama, ta tsallaka titi.